Kwalbar Ruwa, Farantin Ƙwari, ko Hanjin Kifi: Wanne Ya Fi Faɗin Gaskiyar Kogi?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sa ido a kan wani kogi, ko jami'in hukumar muhalli ne, ko malamin jami'a da ke neman aikin bincike ga ɗalibansa, ko ƙungiyar masunta da ke zargin wata masana'anta, yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa, alhali kuɗin da ke hannunsa da ƙyar ya ɗauki nauyin ɗaya. Hanya ta farko ita ce a ɗebi ruwa a kwalba a kai ɗakin gwaje-gwaje. Ta biyu ita ce a tattara ƙananan halittun da ke zaune a ƙasan kogin a duba waɗanne ne suka rage. Ta uku, wadda ba a san ta sosai ba, ita ce a kama kifi a tsaga shi a ƙirga tsutsotsi da sauran halittun da ke rayuwa a jikinsa, waɗanda za mu kira ci-ma-zaune, tunda a jikin wani suke ci suke kwana. Ra'ayina tun daga farko shi ne cewa hanya ta uku ba ita ce za a fara da ita ba, amma akwai tambayoyi biyu da take amsawa fiye da sauran, kuma wanda tambayarsa ta faɗo cikin biyun nan zai yi asarar kuɗinsa idan ya tsaya ga kwalba kaɗai.

Gwajin sinadarai shi ne ya fi kowanne fayyace magana. Ana auna yawan iskar oksijin da ta narke a ruwa, da tsaminsa, da amoniya, da naitiret da fosfet waɗanda takin zamani da ƙazantar bahaya ke kawowa, da kuma ƙarafa masu guba kamar dalma da kadmiyom da zaiba. Akwai ma tsohon gwajin da ake rufe ruwa a kwalba cikin duhu na kwana 5 a zafin digiri 20, sannan a duba yawan oksijin da ƙwayoyin bakteriya suka cinye wajen ruɓar da dattin da ke ciki. Sakamakon lamba ce, lamba kuwa ana iya jera ta da mizanin doka. Hukumar Lafiya ta Duniya, alal misali, ta sanya iyakar dalma a ruwan sha a kan maikurogiram 10 cikin kowace lita, ta kadmiyom kuma maikurogiram 3. Wanda zai kai ƙara gaban alƙali, ko yake son ya nuna cewa daga wannan bututun ne guba ke fitowa, ba shi da madadin wannan hanya.

Rauninta shi ne kogi ba ya tsayawa. Ruwan da ke cikin kwalba shaidar minti ɗaya ne a wuri ɗaya. Oksijin kan yi ƙasa sosai da asuba, bayan gansakuka da ciyayin ruwa sun kwana suna shaƙarsa, sannan ya cika da rana tsaka. Mai gwajin da ya saba zuwa da hantsi zai iya shekara yana rubuta cewa komai lafiya alhali kifi na shaƙewa kowace asuba. Masana'antar da ke sakin dattinta da tsakar dare ma haka take tsallake mai kwalba. A ranar 1 ga Nuwamban 1986 gobara ta tashi a wani rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel na Suwizalan, ruwan kashe gobarar ya kwashe magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rhine, kifaye suka mutu a tsawon ɗaruruwan kilomita. Gubar ta wuce da igiyar ruwa cikin kwanaki, amma ɓarnarta ta daɗe a jikin halittun kogin. Wanda ya zo da kwalba bayan wata guda ba zai ga girman abin da ya faru ba. Sannan akwai wata matsalar: abin da ka nema shi kaɗai na'ura za ta nuna maka, kuma kasancewar ƙarfe a ruwa ba ya nufin yana shiga jikin mai rai, domin wani yana manne da laka ne a yanayin da jiki ba ya iya ɗaukarsa.

Saboda wannan giɓi ne aka koma tambayar mazauna kogin. Tun a 1908 da 1909 masana biyu Jamusawa, Kolkwitz da Marsson, suka fitar da tsarin rarraba ruwa bisa ga halittun da ake samu a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1970 Birtaniya ta samar da ma'aunin BMWP, wanda ke ba kowane dangin ƙananan halittu maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon rashin jurewarsa ga datti, Afirka ta Kudu kuma tana da nata mai suna SASS, wanda aka wallafa zubinsa na biyar a 2002. Aikin ba shi da wuyar gani. Mutum ya shiga ruwa mai gudu inda duwatsu suke, ya kafa ragarsa mai ƙananan idanu a ƙasan ƙafarsa, ya yi ta tumurmusa tsakuwa na 'yan mintuna, ruwa ya kwaso abin da ya tashi ya cusa a ragar. Sai a juye a farin faranti mai ɗan ruwa a jira laka ta kwanta. Can sai ka ga wani ɗan tsinke ya fara tafiya, ashe ɗan ƙwaro ne da ya gina wa kansa gida da yashi da guntayen ciyawa. Ga wani mai jela uku yana kaɗa fukafukan numfashi a gefen cikinsa. Idan irin waɗannan sun yi yawa, ruwan na da iska. Idan kuwa farantin ya cika da jajayen tsutsotsin laka kawai, waɗanda jininsu ke riƙe oksijin ko da ya yi ƙaranci, to kogin ya sha ƙazanta.

Wannan hanya tana da arha, ba ta buƙatar wutar lantarki, ana koyar da ita cikin 'yan makonni, kuma halittun ba sa yin nisa daga inda suke, saboda haka abin da suka nuna labarin wurin ne na watannin da suka gabata. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta sanya su cikin abubuwan da dole a duba, tare da kifi da ciyayin ruwa da gansakuka. Ba ta sanya ci-ma-zaunen kifi ba. Sai dai an gina yawancin ma'aunan ne don gano dattin da ke cinye oksijin, kuma sun fi aiki a kogi marar zurfi mai duwatsu. A babban kogi mai zurfi da yashi a ƙasa, ko bayan ambaliya ta wanke komai, makin kan faɗi ba don ruwan ya lalace ba.

To me tsutsar kifi za ta ƙara a kan wannan?

Sai an fara kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa ganin tsutsa a cikin kifi alama ce ta ƙazamin ruwa. Sau da yawa akasin haka ne, kuma dalilin yana cikin yadda waɗannan halittu ke rayuwa. Sun kasu gida biyu. Akwai masu gajeriyar hanya, waɗanda daga kifi sai kifi: Trichodina, wata 'yar mitsitsiyar halitta mai siffar faifai da ke yawo a fata da gaɓar numfashin kifi, da Dactylogyrus da Gyrodactylus, ƙananan tsutsotsi masu ƙugiyoyi da suke maƙalewa da su. Akwai kuma masu doguwar hanya, waɗanda sai sun ratsa jikin halittu biyu ko uku kafin su kai ga haihuwa. Diplostomum, wadda ke zama a cikin idon kifi har ta makantar da shi, tana farawa a jikin dodon-koɗi, ta fito ta huda kifi, sannan ta jira tsuntsu ya cinye kifin don ta yi ƙwai a hanjinsa, ƙwan ya koma ruwa cikin kashin tsuntsun. Clinostomum ma dodon-koɗi take bi, ta kwanta a tsokar kifi kamar rawayar ƙwayar hatsi, ta ƙare a maƙogwaron zalɓe. Ligula, wata irin tsila da ke cika cikin kifi har ya kumbura, sai ta bi ta wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande da ke shawagi a ruwa.

Ma'anar wannan ita ce tsutsa ɗaya mai doguwar hanya shaida ce a kan halittu uku. Idan ka same ta, ka san dodon-koɗi na nan, tsuntsu na zuwa, kifi na cin abin da ya saba ci, kuma ruwan bai kashe 'ya'yan tsutsar ba a 'yan sa'o'in da suke yi tsirara a cikinsa suna neman jiki na gaba. Idan zare ɗaya ya tsinke, tsutsar ta ɓace. An ga haka a fili a kogunan Nova Scotia na ƙasar Kanada, inda Marcogliese da Cone suka bincika wani kifi mai kama da maciji, wanda Turawa ke kira eel, a shekarun 1990: a kogunan da suka fi tsami nau'o'in ci-ma-zaune sun ragu, kuma masu bi ta dodon-koɗi sun ɓace, domin dodon-koɗi ba ya iya gina ƙoƙonsa a ruwa mai tsami. Wannan ita ce tambaya ta farko da hanjin kifi ya fi faranti amsawa. Faranti zai gaya maka waye ke zaune a ƙarƙashin dutse. Tsutsa za ta gaya maka ko har yanzu mazaunan suna cin juna kamar da. Ga wanda ya kashe kuɗi wajen farfaɗo da kogi kuma yake son sanin ko rayuwa ta haɗu da gaske, dawowar masu doguwar hanya labari ne mai daɗi, ko da yake ba mai kyan gani ba ne.

Masu gajeriyar hanya kuwa sukan yi akasin haka. Kifin da datti ya galabaitar garkuwar jikinsa kan yi rauni, gaɓar numfashinsa ta yi ta fitar da yauƙi, Trichodina kuma ta samu abinci da wurin zama ta hayayyafa. Shi ya sa wasu masu bincike ke gwada yawan nau'o'in gida biyun: idan masu doguwar hanya sun ragu, masu gajeriya sun ƙaru, akwai abin dubawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da zaɓi ya yi sauƙi. Amma ba kowane datti ne ke kawo sakamako iri ɗaya ba. Takin zamani da ƙazantar bahaya, muddin ba su kai ga shaƙe kogin ba, kan ciyar da gansakuka, gansakuka ta ciyar da dodon-koɗi da tsutsotsin laka, sai masu doguwar hanya su ƙaru maimakon su ragu. Eustrongylides, wata jar tsutsa da ke bi ta tsutsar laka zuwa kifi zuwa tsuntsu, an san ta da yawaita a irin wannan ruwa. Ƙarafa da wasu gubobi kuma kan kashe masu zama a fata, tunda su ne ke cikin ruwan kai tsaye. A Afirka ta Kudu, inda Avenant-Oldewage da abokan aikinta suka shigar da ƙidayar ci-ma-zaune cikin ma'aunin lafiyar kifi a kogunan Olifants da Vaal, har da tarwada, an gina lissafin ne a kan cewa na waje kan ragu a gurɓataccen ruwa, na ciki su ƙaru. Kevin Lafferty, da ya tattara binciken da aka yi har zuwa 1997, ya nuna cewa amsar ta dogara ga irin dattin da kuma irin tsutsar. Saboda haka jimillar tsutsotsi ita kaɗai ba ta da ma'ana. Dole a san wace tsutsa ce, ta ina take bi, da abin da ake zargin yana shiga kogin, wanda ke nufin ba a rabu da kwalba ba.

Tambaya ta biyu, wato ko ƙarfe mai guba yana shiga jikin masu rai a kogin, ita ce inda wannan hanya ta yi fice ba tare da abokin takara ba. Akwai wani rukunin tsutsotsi da ake kira Acanthocephala, masu ƙayar kai. Idan aka tsaga hanjin kifin da ke ɗauke da su da ƙaramin almakashi aka shimfiɗa shi a faranti, za a gan su a jere kamar an dasa, tsawon kowace bai wuce gaɓar yatsa ba, wasu farare wasu ruwan lemo, kowace ta cusa kanta cikin bangon hanjin. Ka ja ta da hantsaki ba za ta saki ba, sai dai ta tsinke, domin kan nata zagaye yake da layukan ƙugiyoyi masu fuskantar baya. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Ta fatarta take tsotse abinci. A cikin abin da take tsotsewa akwai ruwan matsarmamar kifin, wanda ta cikinsa hanta ke zubar da ƙarafan da kifin ya ɗauka daga ruwa. A farkon shekarun 1990 Bernd Sures da abokan aikinsa a Jamus suka auna dalma a jikin Pomphorhynchus laevis da aka ciro daga kifin kogin Ruhr, suka tarar ta ninka wadda ke tsokar kifin sau kusan 2,700, kadmiyom kuma sau kusan 400. Daga baya an gano har ƙarafan dangin filatinom, waɗanda ke fita daga matatar hayaƙin motoci ruwan sama ya wanke su zuwa kogi, suna taruwa a jikin waɗannan tsutsotsi.

Amfanin wannan a aikace biyu ne. Ƙarfen da ya yi ƙaranci a ruwa har na'ura ta kasa ganinsa kan fito fili a jikin tsutsar, kuma duk abin da aka samu a jikinta tabbas ya riga ya ratsa jikin kifi, wato ƙarfe ne da mai rai ke iya ɗauka, ba wanda ke kwance a laka ba. Akwai kuma wani abin da ya kamata mai auna tsokar kifi ya sani: gwaje-gwaje sun nuna kifin da ke ɗauke da waɗannan tsutsotsi kan riƙe ƙarancin dalma a jikinsa fiye da wanda ba shi da su, domin tsutsar ta tare ta a hanji. Wanda ya gwada tsokar kifin wurare biyu bai duba hanji ba yana iya wanke wurin da ya fi guba daga zargi. Ba kowace tsutsa ce ke da wannan baiwa ba. Manyan masu ƙayar kai da tsiloli da ke zaune cikin hanji su ne gwanaye. 'Ya'yan tsutsa da ke kwance a tsoka ko ramin ciki, nesa da ruwan matsarmama, ba sa tara abin kirki.

Sai maganar tsada, wadda ita ce ke yanke hukunci a mafi yawan ofisoshi. Kafin ƙidaya ta yi ma'ana ana buƙatar kifi iri ɗaya, masu kusan girma ɗaya, kamar 30 daga kowane wuri, domin tsutsotsi ba sa rabuwa daidai: kifi biyu ko uku kan ɗauke mafi yawansu, sauran su tashi da kaɗan ko babu. Babban kifi ya fi ƙarami tara su saboda ya daɗe yana ci. Dole a maimaita a yanayi dabam-dabam na shekara, kuma a samu wani wuri mai tsabta a kogin, ko a makamancinsa, da za a gwada da shi. Kifin ma sai wanda ba ya yawo. Mai yin ƙaura zai kawo maka labarin wani ruwa ne. Masu zama a fata kan saki jiki ko su narke jim kaɗan bayan mutuwar kifin, daskarewa kuma na lalata su, don haka a ranar da aka kama za a duba, a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan halittu. Kifi ɗaya kan ci sa'a guda ko fiye idan za a bi fata da gaɓar numfashi da idanu da hanta da hanji. Bambance nau'o'in Dactylogyrus yana bukatar auna ƙugiyoyin da ido ba ya gani, wani lokaci ma sai an nemi gwajin ƙwayoyin gado, kuma masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a ko'ina. Uwa-uba ana kashe kifin, abin da ba zai yiwu ba inda irin kifin ke ƙarewa.

Akwai kuma abubuwan da ke rikita lissafi waɗanda ba ruwansu da datti. Tarin tsuntsaye a wata gaɓa kan cika kifin wurin da tsutsa. Baƙon kifi da aka shigo da shi kan zo da nasa: Anguillicola crassus ta iso Turai daga gabashin Asiya a farkon shekarun 1980 ta mamaye jakar iskar kifin nan mai kama da maciji a koguna masu tsabta da marasa tsabta baki ɗaya. Babu kuma wani ma'auni guda da ƙasashe suka amince da shi, irin BMWP, da zai mayar da ƙidayar tsutsa maki.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Mai neman hujjar doka, ko mai bin sawun guba zuwa bututunta, ya kashe kuɗinsa a kwalba, ya kuma yawaita zuwa, har da asuba da bayan ruwan sama. Mai son sa ido a kan wurare da yawa shekara da shekaru da ɗan kuɗi ya ɗauki raga da faranti, ya haɗa da ƙaramar na'urar auna oksijin da tsami; wannan haɗin shi ne zai wadatar da mafi yawan masu karanta wannan rubutu. Hanjin kifi na wanda ke gangaren kogi daga wurin haƙar ma'adinai ne, ko matatar ƙarfe, ko babban titi, wanda kwalba ke ce masa babu komai alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, da kuma wanda ke aiki a babban kogi mai zurfi inda faranti ba ya aiki amma kifi na samuwa. Shi ma ya fara da tsaga kifi goma ya ga ko masu ƙayar kai ko tsiloli suna nan da yawan da za a iya aunawa, domin idan babu su, rabin amfanin hanyar ya tafi. Ko ɗaya cikin ukun, ya kamata a faɗa, ba ta isa ta ce ruwa ya shawu ba. Wannan aikin gwajin bakteriyar bahaya ne, irin su E. coli.

Inda hanyar ta fi sauƙi shi ne wurin da dama ana kama kifi don auna ƙarafa a tsokarsa ko duba lafiyarsa. A nan an riga an biya kuɗin jirgi da taru da ma'aikata, kifin ya riga ya mutu, hanjin kuma kwandon shara ake jefa shi. Abin da za a ƙara shi ne mutum ɗaya mai almakashi, da hantsakin roba don kada ƙarfe ya gurɓata samfurin, da ƙananan kwalabe: waɗanda za a tantance nau'insu a saka su a sinadarin etanol, waɗanda za a auna wa ƙarfe kuma a daskarar da su, kowace kwalba da lambar kifin da aka ciro ta daga cikinsa, da tsawonsa, da wurin da ranar da aka kama shi.